Bishiyar Mallorn da Tambayar Dawwama

A littafin The Lord of the Rings, wanda marubucin Ingila J.R.R. Tolkien ya fitar a 1954 da 1955, akwai ƙagaggiyar bishiya mai suna mallorn, wadda ganyenta ke rikiɗa zuwa launin zinariya da kaka, amma ba ya zuba sai sabon toho ya fito. Mazauna dajin Lothlórien, wato Elf, jinsin da tsufa ba ya kashewa, a kan rassanta suke gidaje, uwargijiyarsu Galadriel kuwa da ikon wani zobe take tsare dajin daga lalacewa. Tambaya mai nauyi ita ce ko ya dace abin halitta ya hana zamani aikinsa don ƙaunar kyakkyawan abu. Tolkien, mabiyin ɗariƙar Katolika, ya ga kuskure a nan, domin dawwamarwa ba ta hannun bawa, kuma a labarin dajin ya dushe da ikon zoben ya gushe.