Gafakar Kaka: Gado Ce ko Amana?

Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya dace in kawo ta gaban 'yan wannan ƙungiya tamu. Littafin da malami ya rubuta da hannunsa, ya rasu ya bari, na wane ne? Na magada ne kaɗai, ko na duk mai neman ilmi?

Abin da ya jawo maganar shi ne, a wani hutu na je ƙauyenmu da ke tsakanin Dutse da Kiyawa, na roƙi baffana ya buɗe mini gafakar kakanmu. Da ƙyar ya yarda, sai da ya sa na yi alwala. Muka tarar da Ishiriniya da Ahalari da Risala, duk rubutun hannu, amma gara ta cinye kusan rabin Risalar. Na ce, "Baffa, a ba ni in kai jami'a a ɗauki hotonsu." Ya ce faufau, albarkar gida ba ta fita waje. Alhali kuwa shekara da shekaru ba wanda ya karanta su.

Wani zai ce, ina abin damuwa, tun da ana sayar da Risala ta ɗab'i a kasuwa? To, ta ɗab'i ba ta da abin da ta hannu ke da shi. A gefen shafi za ka ga fassarar kalmomi da ajami, yadda malami ya faɗa wa almajirinsa a zaure. A ƙarshe sau da yawa mai kwafa yakan sa sunansa, ya roƙi a yi masa addu'a. Takardar kanta shaida ce, don in ka ɗaga wasu a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku, alamar an yi su a Italiya, fatake suka ƙetaro Sahara da su. Watau tarihinmu ne a dunƙule.

Ba mu kaɗai ke girmama rubutu ba. Yahudawa ma ba sa yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah, sai su tara ta a wani ɗaki da suke kira geniza. A tsohuwar Alƙahira an yi ɗaruruwan shekaru ana zuba takardu a irin wannan ɗaki, har a 1897 wani masaninsu, Solomon Schechter, ya kwashi gutsure wajen 193,000 ya kai Jami'ar Kambirij ta Ingila. A ciki aka sami rubutun hannun babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a 1204. Da yawa Larabci ne da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda muke rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci. Girmamawa ce ta tsare takardun nan, amma ba su amfani kowa ba sai da aka buɗe aka karanta.

Akwai kuma ɗaya gefen. A 2023 an yi gwanjon wani tsohon kwafin littafinsu mai tsarki a Amurka, aka saye shi dala miliyan 38. Ranar da irin wannan ciniki ya iso ƙauyukanmu, magaji nawa ne zai iya kau da kai?

Ga ra'ayina. Takarda da fatar gafaka gado ne, shari'a ta ba magada, ba mai ƙwace musu. Tsoron baffana ma yana da tushe, don littattafai da yawa sun tafi aro ba su komo ba. Amma ilmin da ke ciki amana ne. Wanda ya zauna da alƙalamin kara da tawada wata da watanni bai yi wahalar nan domin gara ba, ya yi ne don a karanta a yi masa addu'a. Saboda haka mai ɓoyewa har littafi ya lalace, da mai sayarwa ya kashe kuɗin, duk sun ci amana, sai dai na farko da kyakkyawar niyya ya ci. Ambaliyar 2022 da ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa ta isa ta nuna mana ɗakin ajiya ba shi da tabbas.

Hanyar tsakiya kuwa ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1960 masana a jami'o'in Ibadan da Zariya suka riƙa aron littattafai daga malamai, su ɗauki hoto, su mayar wa masu su. Yau aikin ya fi sauƙi, don wayar da ke aljihunka ta isa, littafi ba sai ya bar zaure ba.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai na Dutse da Jahun da Kiyawa da Birnin Kudu, in an yi hutu kowa ya durƙusa gaban dattawan gidansu ya nemi izini. Mu ɗauki hoto a gabansu, mu rubuta sunan littafi da na mai kwafarsa, mu kuma koyi karanta ajami, don hoton da ba mai karantawa shi ma gafaka ce rufaffiya. Ni dai zan koma wurin Baffa, in zauna a kan tabarmarsa in karanta masa abin da gara ta rage. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amana.