Daga Gidan Makama Zuwa Madawa: Shari'ar Abin da Ke Zuci

'Yan kasuwar Tamaske ta ƙasar Nijar sun san Kano kamar yunwar cikinsu. Sun san Kantin Kwari, sun san Singa da Dawanau, sun san inda ake canjin sefa a Wapa. Amma kaɗan ne cikinsu ke ware rabin yini su shiga Gidan Makama, wannan tsohon ginin ƙasa da ke daf da fadar Sarki, inda aka ce Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya gina fadar da ake kira da sunansa. Wanda ya shiga zai tarar da zaure bayan zaure, da rufin azara da bakan gizo, da sanyin da ginin ƙasa kaɗai ke bayarwa a tsakar rana. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari masu nauyi, akwai sulke da takubba da kayan doki, akwai hotunan sarakuna da na zuwan Turawa a 1903. An shirya gidan ne don ya nuna girman Kano, kuma yana nunawa.

Sai dai mai tunani ba ya fita daga gidan sarauta ba tare da ya tambayi kansa su wa aka gurfanar a irin waɗannan zaurukan ba, kuma a kan wane laifi. Ɓarawo da mai cin amana, shari'arsu ba ta da wuyar fahimta. Wanda aka kawo saboda abin da ya gaskata a ransa, tasa daban ce.

Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili ya sauka a Kano. Kanawa na tuna shi da alheri, kuma suna da hujja. Shi ya rubuta wa Rumfa littafin nan kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, inda ya hore shi da ya buɗe ƙofarsa ga raunana da mata, ya sa ido kan alƙalansa, ya guji ɓuya daga talakawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya baro a Tuwat, can cikin saharar Aljeriya ta yau. A garin Tamantit ya tayar da jama'a a kan Yahudawan da suka daɗe suna zaune a wurin, aka rushe wurin ibadarsu, aka zubar da jini. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, bai goyi bayansa ba, ya ce mutanen nan suna cikin amanar Musulmi. Malamai biyu ne 'yan mazhaba ɗaya, sun karanta littattafai iri ɗaya, amma ɗaya ya ga a rushe, ɗaya ya ga a bari.

Jim kaɗan bayan waɗannan shekarun, a ƙetaren teku, Musulmi ne ke gaban alƙali. A 1478 Fafaroma ya bai wa sarakunan Sifaniya, Fadinan da Isabela, izinin kafa kotun binciken aƙida. Garnaɗa ta faɗi a 1492, aka kori Yahudawa a shekarar, sannan a 1502 aka ce wa Musulmin Kastila ko dai su karɓi Kiristanci ko su bar ƙasar. Da yawa sun karɓa a baki. To ta yaya kotu za ta gane wanda ya karɓa a baki kawai? Sai ta koma leƙen asiri. Wanda ya yi wanka ya sauya tufa ranar Juma'a abin zargi ne. Wanda ya ture naman alade abin zargi ne, haka wadda ba a ga hayaƙi a madafarta da rana a watan azumi ba. Maƙwabci ya zama ɗan rahoto, baiwa ta zama shaida a kan uwar gijiyarta. A 1504 wani malami, Ahmadu ɗan Abi Jumu'a, ya aika musu da fatawar da aka fi sani da fatawar Wahran, ya ce su yi salla ko da da ishara ne, in an tilasta musu haram su ci, muddin zuciya na ƙi. Fiye da shekara ɗari ana wannan wasan ɓuya, har hukuma ta gaji, tsakanin 1609 da 1614 ta kori kusan mutum 300,000. Korar nan da kanta shaida ce cewa kotun ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa ba.

An mayar da wasu gine-ginen wannan kotu gidajen tarihi. A Kartahena ta ƙasar Kolombiya, inda aka kafa reshenta a 1610, ginin da aka kammala a 1770 yana nan, kuma a gefensa akwai wata 'yar taga mai ƙarafuna da gicciye a samanta. A wancan zamani, ta nan mai kai ƙara ke miƙa sunan wanda yake zargi ba tare da an ga fuskarsa ba. Cikin waɗanda aka gurfanar a wurin har da bayin da aka kwaso daga Afirka, bisa tuhumar maita. Duk kayan azabtarwar da ake nuna wa baƙi a irin waɗannan gidaje ba su kai wannan taga ban tsoro ba, domin ita ba ta buƙatar mugun sarki, maƙwabci mai hassada ya ishe ta.

Ƙasar Hausa ba ta taɓa kafa hukuma irin wannan ba, mai magatakarda da rumbun fayil da rassa a kowane lardi, kuma ba daidai ba ne a ce ta yi. Amma daga Gidan Makama zuwa kasuwar Kurmi tafiyar ƙafa ce, kuma a can aka tsire Malam Ibrahim a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855. Malamin ya zurfafa a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, ya ba shi matsayin da malaman fada suka ga ya wuce iyaka, ya tara mabiya da aka riƙa kira Isawa. Aka nemi ya janye, ya ƙi. Mabiyansa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, inda tun tuni malaman da suka saɓa da Kano suke fakewa. Kisan bai kashe maganar ba. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka je Zariya wajen Likita Mila na mishan, kuma daga cikinsu aka sami wani ɓangare na Kiristocin Hausawa da suka zauna a Wusasa daga baya. Hukuncin da aka yanke don a tsare iyakar addini, shi ya tura jikokin mutanen waje da ita gaba ɗaya.

Ɗan Tamaske ba sai ya je Kano ko Kolombiya ba kafin ya gamu da tushen wannan muhawara, domin a ƙasarsa ta Adar aka yi ta. Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya ƙare rayuwarsa a yankin Madawa, shi ne malamin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fi girmamawa. Ya bi shi har Agadas, kuma da mahaifinsa ya ba shi izini da ya bi shi Makka. Malam Jibrilu mutum ne mai zafi a kan gaskiya. Ya dubi zaman mutanen zamaninsa, ana auren mata fiye da huɗu, ana cin dukiyar marayu, ana cakuɗa maza da mata, sai ya yanke cewa mai aikata irin waɗannan manyan zunubai ya fita daga Musulunci.

Almajirin ya ƙi bin malaminsa a nan. Ya rubuta, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba, cewa Ahlus Sunna ba sa kafirta mutum da zunubi, kuma ya nemi wa malamin uzuri da cewa kishin addini ne ya kai shi. Haka kuma ya yi ta fama da wasu ɗalibai da suka ɗanɗani ilmin tauhidi suka bugu da shi. Su kan tare manomi ko makiyayi su yi masa tambayoyi kan siffofin Allah da hujjojinsu na hankali, in ya yi inda-inda su ce ba Musulmi ba ne, yankansa ba ya ciyuwa, aurensa babu shi. Shehu ya yi rubuce-rubuce masu yawa yana rushe wannan, yana cewa wanda ya furta shahada ya yi salla, hukuncin duniya ya karɓe shi, abin da ke ciki kuwa na Allah ne. Kowane ɗan makarantar zaure ya san labarin Usama ɗan Zaidu, wanda ya kashe mutum a fagen yaƙi bayan ya furta shahada, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi, Manzon Allah kuma ya tsananta masa, ya tambaye shi ko ya buɗe ƙirjin mutumin ne ya duba. Daga nan ƙa'idar ta fito: alƙali na da ido da kunne, yana da shaidu da rantsuwa, ba shi da abin auna imani.

Da labarin ya tsaya nan, da ya yi daɗin ji. Amma jama'ar Shehu ta ɗanɗani tsanani, sannan ta sami mulki. Sarkin Gobir Nafata ya hana wa'azi ga kowa in ban da Shehu, ya hana rawani da lulluɓi, ya ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. Magajinsa Yunfa ya aika runduna ta afka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, kuma wannan na cikin abin da ya jawo hijira zuwa Gudu a 1804. Tun kafin a ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, sai ga masu jihadi suna yaƙi da Barno, ƙasar da ta riga su Musulunci da ɗaruruwan shekaru. Shehu Laminu na Kanem ya rubuto yana tambaya da wace hujja. Ya ce mutanensa na salla, suna zakka, suna azumi, in kuwa don cin hanci da wasu al'adun banza ne, to wannan saɓo ne ba kafirci ba, kuma babu ƙasar da ta tsira daga gare shi. Wato kusan hujjar da Shehu Usmanu ya kafa wa malaminsa ce aka dawo masa da ita. Sakkwato ta amsa cewa sarakunan Barno sun taimaki abokan gaba a kan Musulmi, kuma wannan ne ya fitar da su. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, a yaba masa, bai ɓoye wasiƙun ba, ya saka su a cikin Infaƙul Maisuri kowa ya karanta.

Abdussalami kuwa, wanda aka fara faɗan dominsa, ya yi ƙorafin cewa an tauye shi wajen rabon ƙasa, ya yi tawaye daga Kware bayan rasuwar Shehu a 1817. Aka yanke cewa ya yi ridda saboda ya haɗa kai da maƙiya, aka yaƙe shi, ya mutu da rauninsa a farkon 1818. Shin aƙidarsa ce ta sauya, ko biyayyarsa? A nan ne shari'ar addini ke shiga ruɗani, domin da zarar malami ya zama mai mulki, wanda ya saɓa masa a kan haraji ko iyakar gona yana iya wayar gari ana tuhumarsa a kan imani. Malam Jibrilu ya kafirta mutane da alƙalami, amma ba shi da dogarai. Ra'ayi mai sassauci a hannun mai dogarai ya fi nasa haɗari.

Akwai masu cewa, to in babu kotu, titi ne zai yanke hukunci, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, aka rasa rayuka, alhali waɗanda aka ƙona wa ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A Mayun 2022 ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Sakkwato, ba alƙali, ba shaida, ba damar kare kai. In aka ajiye wannan gefe da shari'ar Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara, wanda aka yi wa muƙabala a Yulin 2021, kotun Musulunci ta Ƙofar Kudu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a Disamban 2022, dole a yarda cewa kotu ta fi taron fushi: an yi zama, an kawo littattafai, an rubuta, akwai hanyar ɗaukaka ƙara. Sai dai fifiko a kan taron fushi ƙaramin ma'auni ne. Alƙalin da ke jin hayaniyar jama'a ta taga yana shari'a, da wuya a ce shi kaɗai ya yanke.

A Nijar kotunan hukuma ba sa shari'ar aƙida. Abin da ke zuwa gaban hakimi ko limami a Tamaske, Keita ko Buza shi ne aure da gado, da rikicin manomi da makiyayi, da iyakar garkar albasa, kuma aikinsu sulhu ne. Amma tun da wa'azin Izala ya shigo daga Najeriya, aka yi ta ja-in-ja da 'yan ɗariƙa, kalmomin nan na ɗaliban zamanin Shehu suka dawo bakin mutane: wane ba a salla bayansa, wane ba a cin yankansa. An ga unguwa ɗaya da masallatai biyu suna kallon juna, an ga wa da ƙane sun daina gaisawa. Yanzu kuma hukuncin a WhatsApp yake yawo, muryar minti uku da aka yanko daga karatun awa biyu, wani ɗan ci-rani ya turo daga Abijan ko Legas, kafin la'asar ta zaga gari. Mafi yawan lokuta abin kan tsaya a cacar baki, domin suna ko jana'iza za su sake haɗa mutanen a tabarma ɗaya, kuma dattijo zai ce wa ɗansa, kai yaro, bar wa Allah bayinsa, tashi ka gaida baffanka.