Ɗan Aike da Godiya a Hanyar Samariya

Yamma da birnin Janin, wajen mil 3, akwai wani ƙauye ana ce da shi Burƙin. A can akwai majami'a wadda ake lissafta ta cikin mafi daɗewa a duniya, an gina ta a bakin wani kogon dutse. Mutanen wurin sun gaji magana daga kakanninsu, cewa cikin kogon nan aka ware kutare goma waɗanda Luka ya ba da labarinsu a sura 17, ana zura musu abinci ta wata kafa a bisa. Wurin kuwa yana tsakanin Galili da Samariya, inda Luka ya ce abin ya faru.

Duk wanda ekklesiya ta aika ƙasar nan da wani aiki, ko na jiyya, ko na koyarwa, ko kai gudunmawa, ya kamata ya tsaya nan ya tambayi kansa, mene ne laifin mutum taran nan da ba su komo ba?

Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Ba su ƙi umarni ba. Ubangiji da kansa ya aike su wurin firistoci, shari'ar Musa kuma ta ce sai firist ya duba kuturu kafin ya koma cikin jama'a. Mu da muka san kuturta a ƙasarmu, mun san irin ɗokin mutumin da ya shekara goma bai ci tuwo a akushi ɗaya da 'ya'yansa ba. Wa zai ga laifin gaggawarsa? Bangaskiya ma suna da ita, gama sun kama hanya tun jikinsu bai warke ba. Amma aiken ya cika musu ido har suka manta da Mai aiken. Wanda ya juyo, ya bar aiken tukuna, ya fāɗi a gaban Yesu, shi kaɗai aka ce wa bangaskiyarsa ta cece shi. Basamariye ne kuwa, bare.

Haɗarin ɗan aike ke nan. Yana da ranakun da aka ƙayyade masa, da lissafin kuɗi, da labarin da zai kai gida. Ya bi ta Nazarat da Baitalami a gurguje, zuciyarsa tana ce masa shi ne mai kawo alheri, shi za a gode wa. To, wa ya riga wani? Ranar Fentikos akwai Larabawa cikin waɗanda suka ji wa'azin manzanni. Mu kuwa sai a 1932 muka sami Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Mai kai gudunmawa can, bashi ne ya je ragewa.

Wani zai ce, yaya za a yi godiya a ƙasar da ake shan wahala haka? Gaskiya ne, wahalar ba ƙarama ba ce. A 1950 yawancin mutanen Baitalami Kirista ne, yau ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba, da yawa sun yi ƙaura. Godiyar da ta rufe ido ga wannan, daɗin baki ne kawai. Amma a Burƙin 'yan gidajen Kirista kaɗan ne suka rage a tsakiyar maƙwabtansu Musulmi, su ne kuwa suke share kogon nan, suna kunna fitila, suna buɗe wa baƙo ƙofa. Kafin ɗan aike ya kwance kayan da ya kawo, sai ya fara zama a bayansu cikin sujada, ko da bai ji Larabci ba.