Kafin a Haƙa Ƙasa, Wa Ya Kamata a Tambaya?



Kwanakin baya na yada zango a Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe, na tarar da dattawa a inuwa suna sauraron rediyo. Ana zancen yuraniyom na ƙasar Nijar, da niyyar Nijeriya ta samun lantarki daga nukiliya. Sai wani tsoho ya ce, "Wannan maganar manya ce. Mu da ba mu san ko launin abin ba, wa zai tambaye mu?" Har yau maganarsa ba ta bar zuciyata ba. In za a yi aikin da amfaninsa zai tafi nesa, haɗarinsa kuwa ya kwana a ƙofar talaka, yardar wa ya kamata a nema?

Bari mu duba abin da ya sami maƙwabtanmu. Yuraniyom ma'adini ne da ake haƙowa a tace, a sa cikin tukunyar nukiliya. Zafin da yake bayarwa yakan tafasa ruwa, tururin kuma ya juya injin lantarki. A Arlit, arewa da Agadas, kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971. Na COMINAK ya bi baya a Akokan a 1978, ya rufe a watan Maris na 2021. Faransa, wadda kamfaninta ya riƙe ragamar aikin, tana samun wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya, alhali yawancin gidajen Nijar ba su da wuta. Abin da aka bar wa Akokan shi ne tsibin dusar ma'adini, kimanin tan miliyan 20, mai fitar da guba wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, shekara dubu kuma ba ta kashe ta. A 2009 masu bincike na ƙungiyar Greenpeace suka auna tituna da ruwan sha a yankin, suka tarar gubar ta wuce kima a wurare da dama. A 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAIR daga hannun kamfanin Orano, amma tsibin Akokan yana nan inda yake.

Kada mu ce abin ya yi mana nisa. Tun 2004 akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. An ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a kan nan ne za a iya gina manyan tashoshi, a 2017 kuma aka sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha. Lalle neman wuta ba laifi ba ne. Wanda ya taɓa ganin ungozoma tana karɓar haihuwa da tocila a baki, ko allurar rigakafi ta lalace don firji ba wuta, ba zai raina lantarki ba. Abin dubawa shi ne yadda ake yanke shawarar.

Mu mutanen ƙasar Sakkwato mun riga mun ga ƙarshen aikin da aka yi ba da shawara ba. An kammala madatsar ruwan Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a 1978, da sunan ci gaba. Ruwa ya cinye gonaki, fadamun da ke ƙasa suka rasa ambaliyar da take ciyar da su, batun diyya ya zama rigima. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 kuwa 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka da yawa suka salwanta. Injiniyoyi sun auna kogi da kyau, amma ba a saurari masu gona ba sai da jini ya zuba.

Wani zai ce, me manomi ya sani game da nukiliya? Gaskiya ne bai san lissafinta ba. Amma shi ya san inda iska take kaɗawa da hunturu, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da burtalin da shanu suke bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban da haka, haƙƙin a tambayi mutum bai rataya ga iliminsa ba. Likita ya fi majiyyaci sani, duk da haka ba ya sa wuƙa sai ya yi bayani ya sami yarda, gama jikin na majiyyaci ne. Mu tuna da Nabot a Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 21. Sarki Ahab ya yi masa tayin kuɗi ko wata gonar da ta fi tasa, ya ƙi, domin gādon kakanninsa ce. Zunubin fada ya fara ne sa'ad da aka ƙi jin "a'a" daga bakin talaka.

Saboda haka shawara ta gaskiya tana da alamu. Ana yinta kafin a yanke magana, gama taron da aka kira bayan an sa hannu sanarwa ce kawai. Ana yinta da harshen mutane, da baki, a ƙofar mai gari da kasuwa. Ana faɗin haɗari kamar yadda ake faɗin riba. Ana jin mata, waɗanda suke ɗebo ruwan, da makiyaya. Sa'an nan akwai waɗanda ba za su iya zuwa taron ba, wato jikokin da ba a haifa ba, su ne kuwa za su gāji dusar. Wajibi ne wani ya tsaya ya yi magana a madadinsu.

Tun 1992 dokar Nijeriya ta wajabta a auna illar kowane babban aiki ga muhalli, a kuma ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu. In aka kira irin wannan zama, ko na ma'adini, ko na madatsa, ko na hanya, mu je, mu da maƙwabtanmu Musulmi, gama rijiya ɗaya muke sha. Mu tambaya: ina za a zuba sharar? Wa zai auna ruwanmu? Wa zai ɗauki nauyi bayan kamfani ya tafi? Wanda ya yi karatu ya fassara wa wanda bai yi ba, bisa gaskiya.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya ba mu ƙarfin halin yin magana. Amin.