Waƙa Ba Kari da Haƙƙin Mai Sauraro

Duk mai bibiyar abin da matasanmu ke rubutawa a Facebook, daga Bauchi har Sakkwato, ya ga wani sabon salon waƙa yana yaɗuwa: layuka dogaye da gajeru a gauraye, babu amsa-amo a ƙarshen baiti, babu karin da za a ɗora murya a kai. Masu yin ta suna kiran wannan 'yanci, masu sukarta suna cewa zube ne aka daddatsa aka jera. Akwai ma masu kai maganar ga addini, suna ganin barin ma'aunin da malaman jihadi suka yi wa'azi da shi bidi'a ce da bin Turawa ido rufe. A ƙarƙashin gardamar akwai tambaya mai nauyi: me kari yake yi wa waƙa, kuma wa yake asara idan aka jefar da shi?

A fara sauke wa addini kayan da ba nasa ba. Aruli, wato ilimin karin waƙa, ba wahayi ba ne. Khalilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8 Miladiyya, shi ya saurari waƙoƙin Larabawa ya fitar da karuruwa 15, daga baya Akhfash ya ƙara ɗaya, kuma mawaƙan Jahiliyya sun daɗe suna waƙa a kansu kafin a ba su suna. Ayoyin ƙarshen Suratush Shu'ara'i sun zargi mawaƙa ne kan faɗin abin da ba sa aikatawa, suka kuma ware muminai masu aikin ƙwarai, ba su yi maganar tsawon layi ba. Bidi'ar da malamai ke tsoratarwa a kai ita ce ƙari a cikin ibada, tsara baiti kuwa sana'a ce irin saƙa da jima. Zancen baƙunta ma bai tsaya da ƙafarsa ba, domin shi kansa arulin baƙo ne da malamai suka shigo da shi tare da ajami. Narambaɗa da kotsonsa, Shata da kalangunsa, Ɗan Maraya da kuntiginsa, babu wanda ya tsare ƙafiya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma babu Bahaushen da ya taɓa cewa ba waƙa suke yi ba.

Sai dai halaccin abu daban, dacewarsa daban. Waƙar da ba ta da ma'auni ta yi ƙarfi ne a ƙasashen da littafi ya riga ya cika gidaje. Walt Whitman ya buga littafin waƙoƙinsa a Amurka a 1855, mawaƙan Faransa suka biyo a shekarun 1880, T. S. Eliot ya fitar da shahararriyar waƙarsa a 1922, duk ga jama'ar da ke karatu da ido, kowa shi kaɗai a ɗakinsa. Larabawa, waɗanda kunnensu ya fi kusa da namu, da suka zo nasu sauyin sai suka yi taka tsantsan. Nazik al-Mala'ika da Badar Shakir al-Sayyab na Iraƙi, waɗanda ake jingina wa buɗe wannan ƙofa a 1947, sun karya daidaiton layuka amma sun riƙe taf'ila, wato ƙafar karin. Da mujallar Shi'ir ta Bairut, wadda aka kafa a 1957, ta buɗe wa waƙar zube ƙofa, Nazik da kanta ta soki abin a littafinta na 1962. Ita ta buɗe ƙofar, ita kuma ta fara cewa kada a cire ƙyauren.

A wurinmu lamarin ya fi haka zurfi, tunda kalma ɗaya muke da ita ga abin da aka rubuta da abin da aka rera. Nana Asma'u ta tsara waƙoƙinta ne domin matan da ake kira jaji su haddace su kai wa matan ƙauyuka da ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Aliyu Namangi makaho ne, kuma Imfirajinsa ta zaga ƙasar Hausa a bakin makafi da almajirai. Abin da ya ɗauki waɗannan baitoci daga baki zuwa baki shi ne kari da amsa-amo, domin su ke tuna wa mai hadda layin da ke tafe. Kari kenan haƙƙin wanda bai iya karatu ba, kuma marubucin da ya yar da shi, ko ya sani ko bai sani ba, ya rage yawan waɗanda yake magana da su.

Bauchi ta ba da hujjar da ta fi kowace ƙarfi. A zamaninsa babu ɗan Arewa da ya fi Malam Sa'adu Zungur sabon tunani. Ya yi karatu a babbar kwalejin Yaba da ke Legas, yana cikin jagororin zauren tattaunawa na Bauchi a shekarun 1940 tare da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma riƙe sakataren jam'iyyar NCNC. Turanci a bakinsa yake, da ya so kwaikwayon mawaƙan Ingila babu mai hana shi. Amma da ya tashi gargaɗin sarakuna kan makomar sarauta a "Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya", da ya tashi sukar miyagun al'adu a "Waƙar Bidi'a", sai ya zuba su a tsohon ma'aunin malamai. Ya rasu a 1958, har yau ana rera su. Sabuntarsa tana cikin abin da ya faɗa da waɗanda ya faɗa wa.

Za a ce ma'auni yana tauye ma'ana, yana tilasta wa marubuci cusa kalmar Larabci ko ƙarin "wallahi" don kawai baiti ya cika. Gaskiya ne, akwai tarin waƙoƙi masu daidaitaccen kari da babu komai a cikinsu, amma wannan laifin maƙeri ne da ake ɗora wa uwar maƙera. Wanda ya karanta Aƙilu Aliyu ya san yadda neman ƙafiya ke tono kalmomin Hausa da aka manta da su. Za a kuma ce zamani ya sauya, masu karatu sun yawaita. Sun yawaita, amma har gobe waƙar Hausa ta rediyo da saƙon murya a waya take tafiya, kuma Aminu Ala, marubuci ne, da rerawa ya kai ga jama'a. Na yarda akwai baƙin cikin da ba ya shiga ƙwar biyar, kamar na wanda rikici ya raba da gidansa, kuma layi karyayye zai fi dacewa da shi. Sharaɗin shi ne a maye gurbin abin da aka cire da wani abin da kunne zai kama, ko maimaici ne, ko karin sautin Hausa na hawa da sauka, ko amshi irin na makaɗa.

Don haka, matasan marubutan Bauchi, ku fara koyon karuruwan Kamil da Mutaƙarab har su zauna a kunnenku kafin ku yanke shawarar barinsu. Duk waƙar da kuka gama, ku karanta ta da ƙarfi a gaban wanda bai je boko ba, ku ga ko zai iya maimaita muku layi biyu daga cikinta.