Bayanin da Ba Shi da Isnadi: A Goge ko a Bari?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wikipedia, watau kundin ilmi na intanet, kowa yana iya rubutu a cikinsa. To, in an tarar da bayani ba madogara, mene ne hukuncinsa?

Allah Maɗaukakin Sarki ya umurci muminai da bincika labari a Suratul Hujurat, aya ta 6. Amma wasu malaman Hadisi ba su ƙone ruwayoyi marasa tushe ba. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a shekara ta 597 Hijiriyya, tattara na ƙarya ya yi cikin Al-Maudu'at domin a san su, a kiyaye.

Ga labarin maƙerin nan Kano, kakan Abagayawa, wanda aka ce ya taso daga Gaya ya sauka Dala neman tama. Asalinsa a bakin dattawa yake, haka kuma tarihin ƙauyukan Ajingi da yawa. Irin wannan kada a goge shi. A bayyana cewa ruwayar baka ce, a ambaci wanda aka ji daga gare shi.

Amma maganar da ta taɓa mutuncin mutum ba hujja, wannan ƙazafi ne. A goge ta nan take, ba sai an jira shawara ba.

Wallahu a'alam.