Rashin Haihuwa: Wa Ake Jarrabawa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

A Tajaye da garuruwan Illela, Malbaza da Ƙonni, amarya ba ta cika shekara biyu sai an fara duban cikinta. In shiru ya yi yawa, sai habaici ya biyo a bakin rijiya da gidan suna, daga baya a laƙaba mata "juya". A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace tana haihuwar 'ya'ya fiye da 7, wadda ba ta samu ba takan zama baƙuwa a gidan mijinta. Wannan ɗacin ne Aisha Macky 'yar Damagaram ta nuna a fim ɗinta na 2016, inda ta kwatanta kanta da itace marar 'ya'ya.

Mutane suna neman mafita ta hanyoyi da yawa: rubutun sha, sassaƙe, sadaka, ƙarin aure, ko riƙon ɗan 'yar'uwa. Wasu kuma ƙunci yakan kai su ga boka da 'yan bori, su yi asarar dukiya da tauhidi gaba ɗaya.

To, shin rashin haihuwa alamar fushin Allah ce? Suratush Shura, aya ta 49 da 50, ta jera mai 'ya'ya mata, da mai maza, da mai duka biyun, da wanda bai samu ba, duk a ƙarƙashin mashi'a ɗaya. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, ga shi kuwa ita ce Uwar Muminai, kuma ɗan yayarta Abdullahi ɗan Zubairu ya tashi a gabanta har ake mata alkunya da sunansa. Wa zai ce an rage ta?

Magabatan ɗariƙa sun koyar da cewa hanin Allah ga bawansa yakan zama kyauta a ɓoye, in bawan ya san Mai hanin. Sai dai wannan magana ce da mai ciwo zai rarrashi zuciyarsa da ita. Ba sanda ba ce da mai goyo za ta ɗauka ta rufe bakin kishiyarta. Jarrabawar marar ɗa haƙuri ce. Jarrabawar uwar miji da maƙwabta kuwa harshe ce, kuma ita aka fi faɗi.

Yarda da hukunci ba ta hana riƙo da sababi. Annabi Zakariyya, alaihis salam, ya roƙa har tsufa bai yanke ƙauna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana haɗuwa da wannan matsala, maza da mata. Mijin da ke wata goma a bida a Abijan ko Libiya, sannan ya ƙi awo a Galmi ko Tawa don girman kai, ya bar matarsa da laifin da wataƙila nasa ne, zalunci ya yi. Yawan lazimi da wazifa ba ya goge haƙƙin wani.

Muridin gaskiya shi ne wanda zikirinsa ya kai gida: ya tsare matarsa daga gori, ya raka ta likita, ya miƙa nasa hannun a auna.

Allah Ya azurta masu nema da zuri'a ɗayyiba, Ya sanyaya zukatan masu jira, albarkacin Annabin Rahama. Amin.